JIMLAR UMARNI A BAKIN KWAMFUTA: DARASI DAGA AKWATIN SABA

Gabatarwa

A darasinmu na fassara an umarci kowane ɗalibi ya zaɓo wani rubutu na fasaha ya mayar da shi Hausa. Ni na zaɓi jerin umarnin da ake rubuta wa akwatin saba samfurin BladeSystem c7000, wanda kamfanin HP na Amurka ya fitar a shekarar 2006. Wannan maƙala za ta bayyana sassan akwatin, da yadda ake duba su da sarrafa su ta hanyar rubutaccen umarni, da kuma kuskuren da na yi wajen fassara.

Sassan Akwatin

Saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kamar ajiye bayanai. A wannan tsari, ana ƙera kowace saba siririya, a zura ta cikin gurbinta kamar littafi a kanta. Sassan su ne:

1. Gurabun saba 16 a gaba: 1 zuwa 8 a sama, 9 zuwa 16 a ƙasa.
2. Fanka har 10 masu sanyaya akwatin.
3. Na'urorin ba da wuta har 6.
4. Gurabu 8 a baya na na'urorin sadarwa.
5. Na'urar gudanarwa mai suna Onboard Administrator. Ana iya sa biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jiran ko-ta-kwana.

Da wannan na'ura ta ƙarshe injiniya ke magana. Yakan shiga daga nesa ta hanyar SSH, ya ba da sunansa da kalmar sirri, sannan ya fara rubutu. Babu hoto, babu abin latsawa, sai kalmomi kawai.

Tsarin Umarnin

Ɗalibin nahawu ba zai sha wahala a nan ba, domin jimlar umarni ce irin wadda muka sani: aikatau a farko, karɓau ya biyo, sannan lambar gurbi. Umarnin ya kasu gida biyu.

Kashi na farko na dubawa ne, ba ya canja komai:

SHOW SERVER LIST: nuna jerin sabobi.
SHOW SERVER STATUS 3: nuna lafiyar saba ta gurbi na 3.
SHOW ENCLOSURE FAN ALL: nuna dukkan fankoki.
SHOW ENCLOSURE TEMP: nuna yanayin zafin akwati.

Kashi na biyu na aiwatarwa ne:

POWERON SERVER 3: kunna saba ta 3.
REBOOT SERVER 3: sake tayar da ita.
SET SERVER UID 3 ON: kunna shuɗiyar fitilar da ke jikinta, don wanda ke gaban akwatin ya gane ta.

Inda Na Yi Kuskure

Akwai umarni biyu masu kama da juna: POWEROFF SERVER 3 da kuma POWEROFF SERVER 3 FORCE. Na fassara su duka da "kashe saba ta 3", don na ɗauka kalmar ƙarshen nanatawa ce kawai. Da na kai wa wani injiniya mai kula da irin wannan akwati ya duba, sai ya ce, "Malam, in yarona ya bi takardar nan, wata rana sai ya yi mana asara."

Ya bayyana mini cewa na farko saƙo yake aika wa saba ta rufe ayyukanta, ta adana abin da take rubutawa, sannan ta mutu. Na biyu kuwa yanke mata wuta yake yi nan take, ko da tana tsakiyar rubuta bayanai, kuma abin da bai kammala shiga ma'ajiya ba yana iya salwanta. Don haka na gyara: na farko "rufe saba", na biyu "yanke wa saba wuta". Ya ƙara jan kunnena game da kalmar ALL. In ta maye gurbin lamba a umarnin rufewa, to duk sabobin akwatin abin zai shafa, ba guda ɗaya ba.

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa shi yake fara aiki da SHOW, ya kunna shuɗiyar fitila ya tabbatar da gurbin, kafin ya taɓa komai. Shi ya sa kuma na'urar gudanarwa ta raba masu shiga zuwa matakai uku, na ƙasa dubawa kawai yake iya yi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, darasin da na koya shi ne, a fassarar fasaha ba ƙamus kaɗai ake tambaya ba. Sai an san abin da kalma ke aikatawa a jikin na'ura kafin a zaɓa mata takwara a Hausa. Kuma kada a fassara umarnin kansa, domin na'urar Ingilishi kawai take karɓa. Bayaninsa ake fassarawa. Duk wanda ya ɗauki irin wannan aiki, ya kai wa mai sana'ar ya duba kafin ya miƙa wa malami. Allah ya ba mu sa'a, amin.