DARASI: SANDUNAN SITIYARIN MOTAR ƘUNGIYA

'Yan'uwa manoma, motar da ke kai mana taki da damina, ta kwaso hatsi da kaka, ita ce kuma ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. Yawancinmu muna lura da mai da ruwa da taya. Amma kaɗan ne ke sunkuyawa su dubi sandunan ƙarfe da ke ƙarƙashin gaban mota, waɗanda ke juya tayoyi. Inji in ya lalace, mota tsayawa take yi. Sandar sitiyari kuwa in ta fita, mota tana ci gaba da gudu, direba na riƙe da sitiyari amma ba ya da iko da ita.

Za mu ɗauki misalin Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, domin har yanzu akwai sauranta a karkara, tsarinta kuma yana da sauƙin ganewa. Wanda ya fahimce ta ba zai sha wuya da Toyota Land Cruiser ba.

YADDA ABIN KE AIKI

Idan direba ya murɗa sitiyari, akwatin sitiyari yana motsa wani gajeren hannu. Daga hannun nan sanda ta farko ta miƙe zuwa gaban shasi, inda akwai wani abu da makanikai ke kira rile. Daga rile sanda ta biyu ta tafi wurin taya ɗaya. Sanda ta uku, wato tayarod, ita ce ta haɗa tayar dama da ta hagu don su juya tare. Kowace sanda tana da gaɓa a kowane kai, gaɓoɓi shida ke nan. Cikin gaɓa akwai ƙwallon ƙarfe yana juyawa cikin giris, da hular roba a kansa mai hana ƙura da ruwa shiga.

Sandunan nan bututu ne, ba su kai kaurin ƙotar fartanya ba, suna kuma kusa da ƙasa. Shi ya sa kututture da dutse ke fara samunsu.

DUBAWA

Wannan aikin mutum biyu ne, ba ya kuma cin minti goma. A tsai da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyin baya. Kada a ɗaga ta da jak, domin ana so nauyinta ya kasance a kan tayoyi. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan kaɗan. Ɗayan ya kwanta a gaba ya dafa kowace gaɓa da hannunsa. Gaɓa mai lafiya tana tafiya tare da sandarta. Wadda ta ci kuwa, za ka ji ƙwas-ƙwas a tafin hannunka kafin taya ta motsa. A canja ta, babu wani magani.

Sa'an nan a dubi hular roba. In ta tsage, ƙurar hunturu za ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ƙwallon tun gaɓar tana sabuwa. A dubi notin kowace gaɓa ko fil ɗinsa yana nan. Sau da yawa ana sa ƙusa ko waya a madadin fil. Wannan ya fi babu, amma na ranar nan ne kawai.

Rile shi ne aka fi mantawa da shi. Yana shan man giya mai lamba 90, kamar akwatin sitiyari. In ya bushe sai sitiyari ya yi nauyi, direba ya ce tsufa ne. Muna gargaɗi sosai: kada kowa ya kwance rile a gida. Akwai sifirin mai ƙarfi a matse a cikinsa, in ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum fuska. A kai wa makaniken da ya san shi.

IN SANDA TA LANƘWASHE A DAJI

Alamarta ita ce, bayan mota ta bugi wani abu sai sitiyari ya karkace ko da ana tafiya sosai, ko tayoyin gaba su daina duban wuri ɗaya. A tsaya nan take.

A cire fil, a sassauta noti amma a bar shi a kan tiredi. Ƙafar gaɓa tana zaune daram cikin raminta, saboda haka a dafa babbar guduma a gefe ɗaya na hannun da ke riƙe da ita, a bugi ɗaya gefen da wata gudumar. Za ta saki. Kada a bugi kan tiredin, zai baje, noti kuma ba zai sake hawa ba. In sanda ta fito, a miƙe ta a hankali, ko da jak a tsakanin abubuwa biyu masu ƙarfi, ko a cokalin itace.

To, ga inda mutane da yawa ke kuskure. Sukan ga sanda ta miƙe, su ce an gama. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa ya riga ya yi rauni a wurin, zai kuma sake lanƙwashewa da bugun da bai kai na fari ba. Gyaran daji don a isa gida ne a hankali. Kada a gasa sanda a wuta, kada kuma a yi wa gaɓa walda, ko da mai walda ya yi rantsuwa. Kuɗin sabuwar sanda bai kai ko kusa da kuɗin jinyar mutum goma da ke bayan mota ba.

Wanda za a aika kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya tafi da tsohuwar a hannu ya gwada. Kai ɗaya na sanda tiredinsa na dama ne, ɗayan na hagu, ba a musanya su. Ya kuma faɗi gefen da sitiyarin motar yake. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu 1972, motocin da suka girmi wannan shekara sitiyarinsu a dama yake, wasu kayansu kuwa sun bambanta.

DAIDAITA TAYOYI

Lokacin kwance tsohuwar gaɓa a ƙirga zagaye nawa ta yi, a mai da sabuwar daidai haka. Bayan an ɗaura, a miƙe tayoyi, a tura mota gaba kaɗan. A sami sanda a auna tsakanin bakin wili na dama da na hagu ta gaba, daidai tsayin tsakiyar taya, a sake aunawa ta baya. A Series III awon gaba ya kamata ya gaza na baya da milimita 1.2 zuwa 2.4, wato kusan kaurin tsinken ashana. Land Rover 90 da 110 da suka biyo bayanta ba haka suke ba: nasu ko daidai, ko gaba ya ɗara baya da abin da bai wuce milimita 2 ba. Ana gyara awon da murɗa tayarod ɗin kanta, sa'an nan a ɗaure maɗaurinta na kai biyu tam. In aka yi sakaci da wannan, sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya kafin kaka.

TSAREWA

Yawancin ɓarnar daga tuƙi take. Inda ciyawa ta yi tsawo, yaron mota ya sauka ya yi gaba, gama kututture da suri a ciki suke ɓuya. Haka kuma a rafi, a taka shi da ƙafa tukuna. In taya ta maƙale a kwari ko ta jingina da dutse, kada direba ya murɗa sitiyari da ƙarfi mota na tsaye. Ya ja baya kaɗan ya juya tana motsi. Ya riƙe sitiyari da manyan yatsunsa a waje, domin in taya ta bugi dutse sitiyari yakan juyo da ƙarfin da zai iya gurɗe yatsa.

In mota ta kafe a laka, masu taimako sukan laluba ƙasa su ɗaura igiya a ƙarfen da hannunsu ya fara samu, sau da yawa kuwa tayarod ce. Direba ya ɗaura igiyar da kansa, a ƙugiyar ja ko a shasi. Haka nan ba a sa jak a ƙarƙashin sanda.

Ƙungiyar da motarta ke shiga gonaki kullum, ya kamata ta sa maƙeri ya yi mata faifan ƙarfe mai kauri a gaban sandunan, a ɗaure shi a shasi da noti, a bar sarari yadda ba zai taɓa sanda ba ko an murɗa sitiyari har ƙarshe. Muna ba da shawara a yi dubawar nan sau ɗaya a wata, da damina kuwa kowane mako, magatakarda ya rubuta ranar da abin da aka gani a littafin mota. A akwatin kayan aiki a ajiye gaɓa biyu, ta dama da ta hagu, da fil guda shida, da gwangwanin giris.