Darasin Wata: Wankin Zinare a Kogi, Kayan Aiki da Doka

Jama'a, tun da manyan masaƙun Kakuri suka rufe, samari da yawa a Makera da Nasarawa da Kudenda suke neman abin yi. Wasu sun ji labarin zinaren Birnin Gwari, inda aka daɗe ana haƙa tun zamanin Turawa. Har akwai masu cewa su ma za su ɗauki kasko su gwada sa'a a bakin kogi. To, kafin a ɗauki kasko, a tsaya a karanta wannan darasi.

Zinare abu ne mai nauyi ƙwarai. Ya fi yashi nauyi wajen sau 7. Ruwa yana tafiya da yashi, amma zinare nutsewa yake yi. Shi ya sa yake taruwa a cikin lanƙwasar rafi, da bayan manyan duwatsu, da cikin tsagar dutse a ƙarƙashin yashi. Duk dabarar wankin zinare a kan wannan nauyin take.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai shebur da diga, da rariya ta tace tsakuwa, da kasko mai faɗi ko ƙwarya. Za ka zuba yashi a kasko, ka tsoma shi cikin ruwa, ka girgiza. Sai ka karkata shi kaɗan, ruwa ya tafi da na sama. Haka za ka yi ta yi, kamar yadda mata suke rege shinkafa, har sai baƙin yashi ya rage a gindi. Maganaɗisu yana janye mafi yawan baƙin yashin nan, amma ba ya jan zinare. Masu aiki da yawa sukan ƙera kwararo na katako, su shimfiɗa masa buhu ko kafet. Ruwa da yashi su wuce, mai nauyi ya maƙale.

A kula, yashin kogi yana da wani ƙyalli mai ruɗin ido. Ka danna shi da tsinin wuƙa. In ya farfashe, dutse ne. Zinare ba ya fashewa, sai dai ya baje. Wanda yake son tabbaci, Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya tana da ɗakin gwaji a nan Kaduna.

Yanzu sai maganar doka, kuma ita ce babba. A wasu wurare na Amurka, mutum yana iya wanke yashi ranar hutu don nishaɗi, ba tare da takarda ba. A nan ba haka ba ne. Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun sa duk ma'adinin da ke cikin ƙasa ko cikin ruwa a hannun Gwamnatin Tarayya. Ko gonarka ce ta gado, saman ƙasa ne kake da iko da shi. Zinaren da ke ciki ba naka ba ne sai da izni.

Iznin nan ba a hannun mai unguwa yake ba, ba a hannun hakimi ko ciyaman ba. Ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya ne yake bayarwa. Hedikwatarsa tana Abuja. Wanda ya dace da talaka shi ne lasisin ƙananan masu haƙa. Yana ɗaukar shekara 5, kuma ana sabunta shi. Filin ba ya wuce murabba'in kilomita 3. Dole a sami yardar mai ƙasar a rubuce. Dole kuma ya zama ba a riga an ba wani wurin ba, domin wanda ya fara nema shi ake fara dubawa.

Mutum ɗaya da kaskonsa zai sha wuya da kuɗi da takardun nan. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ku haɗu ku kafa ƙungiyar gama-kai, ku yi mata rajista, ku nema da sunanta. A nan ne karatun da kuke yi zai yi muku rana. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Wani dillali zai zo ya ce yana da lasisi, ku yi aiki a ƙarƙashinsa. Ku ce ya nuna. Ku duba suna, ku duba wuri, ku duba ranar ƙarewa. Mai sayen zinare ma sai da nasa lasisin.

Akwai wuraren da doka ta hana ba da su ko kaɗan. Ba a ba da cikin gari ko ƙauye, ko kasuwa, ko maƙabarta. Ba a ba da wurin da bai kai nisan mita 50 daga layin dogo ko hanyar mota ko madatsar ruwa ba. Ku dubi yadda gidaje da gadoji da layin dogo suka matse kogi a kudancin Kaduna, za ku gane bakin ruwan cikin gari ba wurin wannan aiki ba ne. A 2024 gwamnati ta kafa runduna ta musamman a cikin Sibil Difens don kama masu haƙa ba izni.

Saura lafiya. Wasu suna sa zaiba don ta kama garin zinare, sannan su ƙona ta. Hayaƙinta guba ne, yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wadda ta zuba a ruwa kuma tana shiga jikin kifin da muke ci. A 2010, a Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen zinare aka kawo gida ana dakawa, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara. A 2015 irin haka ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Don haka dutse ko yashin haƙa kada ya shigo tsakar gida, kada ya taɓa turmin abinci. Mai aiki ya yi wanka, ya sake tufafi a can wurin aikin, kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa.