Ga Samarin Dawanau Masu Son Nuna Wasansu

'Ya'yana, da yawanku in an tashi daga kasuwa kukan taru a kan kwamfuta kuna buga eFootball, wasu na sha'awar naɗar wasan su ɗora a YouTube ko TikTok. Ban ga aibu ba, muddin salla da gona sun samu haƙƙinsu. Sai dai kafin ku biya kuɗi a sa muku manhajar da aka fasa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Manhajar naɗar bidiyo ta OBS Studio kyauta ce tun fitowarta a 2012. Ba ta buga tambari a kan bidiyo, ba ta yanke mutum a minti 10 kamar Bandicam ta kyauta. Ku sauke ta daga shafinta na asali. Fasassun manhajoji sukan zo da ƙwayar cuta mai satar lambar sirri, ga shi a na'urar nan wasunku ke duba kuɗin cinikin riɗi da waken suya na iyayensu.

Kwamfutocinmu galibi 'yan gwanjo ne. Manhajar Streamlabs ta fi OBS ado amma ta fi ta nauyi, kuma ba a ɗora wa jaki kayan tirela. Mai ƙaramar na'ura ya danna Windows da G tare, akwai abin naɗa a ciki.

Inda na fi jin tsoro shi ne wuta. A cikin OBS ku zaɓi tsarin bidiyo na MKV. Idan aka ɗauke wuta kana tsaka da naɗa a tsarin MP4 na da, bidiyon yakan lalace gaba ɗaya, ƙwallon da ka ci ta bi ruwa. MKV kuwa yana riƙe duk abin da aka naɗa har zuwa lokacin, daga baya OBS ɗin da kanta ta mayar maka da shi MP4.

Sai data. Watsa wasa kai tsaye a kan kilobit 2,500 cikin daƙiƙa yana cin fiye da giga 1 a awa guda, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Ku fara naɗa a 720p, ku yanke inda ya yi daɗi, ku ɗora da datar dare.

Makirfo kuma ba ya zaɓe. Zai ɗauki ashar ɗin abokinka, ya ɗauki muryar mahaifiyarka daga tsakar gida. Don Allah ku saurari bidiyon daga farko har ƙarshe kafin ya bar hannunku.