Garkar Ɗari: Wanda Ya Fesa, Ya Jira

Babu mai koya wa mutumin Damargu noma. Ku da kuke fitar da gero daga ƙasar da daminarta ba ta cika wuce wata uku ba, kun san iska, kun san ƙasa, kun san darajar kowane guga da aka jawo daga rijiyoyinmu masu zurfi. Darasinmu na yau a kan ƴar garkar nan ne ta bayan gida, ko ta bakin tabki, ko ta kusa da famfo, wadda mata da dattawa da masu sha'awa ke yi a nan Ollelewa da ƙauyukanta bayan gero ya shiga rumbu. Fangali huɗu ko biyar ne na salati da shu da tumatir da albasa, da zogale a gindin darni. Miyar gida ce, in ta yi yawa a kai kasuwa.

Zancen lokaci kun san shi, mu bi ta kansa da sauri. Ana zuba iri a wurin reno da ƙarewar damina, wajen watan Oktoba. Tumatir da shu su yi kamar wata guda kafin dashe, albasa ƴar Galmi tana son wata ɗaya da rabi. A yi dashe da maraice. Darnin kara ya fi kauri ta gabas da arewa, domin ta can hunturu ke bugowa. Taki ya zama ruɓaɓɓe, ɗanyensa yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gwazarma. A shimfiɗa tattaka ko ƙaiƙayi a gindin shuka don ruwa ya daɗe. Inda tumatir ya zauna bara, kada tattasai ko yalo su gaje shi bana, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A sa albasa a wurin. Wanda ya makara har tumatirinsa ya shiga zafin watan Afrilu yana fure, zai ga furen yana zuba. Duk wannan ba sabo ba ne gare ku.

Abin da ya tara mu shi ne ƙwari, da abin da muke yi in sun zo. Darɓa tana manne wa bayan ganyen shu. Koriyar tsutsa tana huda shi. In zafi ya fara, ƙananan jajayen gizo-gizo su rufe tumatir da yana, ganye ya bushe. Ga kuma tsutsar tumatir da ke shiga tsakiyar ganye tana cin sa daga ciki. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuwa ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har yau ba su manta ba. Mutum ya yi wata biyu yana jan ruwa, ya wayi gari ya ga ganyensa duk huji, dole ransa ya ɓaci. Sai ya nufi kasuwa ya sayo magani, ya fesa. Gobe ko jibi ya tsinka ya ci, ko ya sayar.

Nan ne cutar take. Maganin ƙwari guba ne, kuma ba ya barin ganye ranar da aka fesa shi. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a taɓa amfanin. Wanda ya fesa, ya jira. Zan faɗi wannan yau har ku gaji da ji.

Ga wani gida irin naku. Maigida ya fita da sassafe ya yayyafa wa salatinsa magani da tsintsiya, bai gaya wa kowa ba, ya wuce sabgarsa. Da la'asar uwargida ta aiki Auta ya yanko salati, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa, domin ƙannen maigida za su zo. Inna, mahaifiyar maigida, tana zaune kan tabarma kusa da kwaryar. Ta ɗauki ganye ɗaya ta kai hanci.

"Ke, wannan salatin warin me yake yi? Kamar ɗakin da aka yi wa maganin kuɗin cizo."

Ana cikin haka maigida ya yi sallama. Uwargida ta tare shi da kwaryar a hannu.

"Malam, ka sa wa garka wani abu yau?"

"Ɗan piya-piya ne kawai. Murfi biyu. Maƙwabcinmu ya ce shi uku yake sawa."

"Inna lillahi! Kuma ka fita ba ka faɗa ba? Auta tun a garka yake tsinka yana kai wa baki!"

"To, ai ga shi nan garau. Ki wanke shi sau biyu, ki matsa lemun tsami, shi ke nan."

Inna ta gyara zama. "Kai, ɗan nan, lemun tsami ne zai kashe abin da ya kashe tsutsa? Garin gyaran gira za ka rasa ido."

"To, a bar shi, gobe in kai Bakin Birji in sayar. Wahalar wata biyu ba za ta tafi a banza ba."

"Ƴaƴan mutanen Bakin Birji ba ƴaƴa ba ne?" in ji uwargida. "Ni dai ba da kwandona ba."

"A zuba wa akuya ke nan."

"Akuyar da nake tatsa in dama maka fura?" Inna ta tafa hannu. "Yau na ga abin da ya ishe ni."

Babbar ƴarsu, wadda ke zuwa makaranta, ta ce, "Baba, kawo kwalbar in duba kwana nawa aka ce a jira." Maigida ya ciro ta daga aljihun riga, aljihun da goronsa yake. Yarinya ta juya ta gaba, ta juya ta baya. Ƴar kwalba ce ba takarda, ba suna, ba lamba. Ta ce, "Baba, ba a rubuta kome ba." Maigida ya yi shiru. Aka gina rami a bayan darni aka binne salatin. Aka wanke wa Auta hannu da baki da sabulu, uwarsa ta kwana tana duba shi. Baƙi suka ci tuwo da miyar kuka, Inna kuwa ta ba su labarin tun daga farko, har da abin da ta ƙara. Washegari uwargida ta yage jan tsumma ta ɗaure a sanda ta kafa a bakin fangali, ta ce daga yau duk inda aka fesa sai an kafa wannan, kuma babu mai tsinka sai an cire shi.

Wannan gida Allah ya tsare su, da hancin tsohuwa. Ba kowane gida ke da Inna a bakin kwarya ba.

Yanzu ku ga amfanin karatun da kuke yi. Maganin kirki yana zuwa da takarda manne a jikinsa. A ƙasan takardar akwai zirin launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ƴar garkar gida ba shi da abin yi da ja. A kan kwalaben da aka rubuta da Faransanci ku nemi baƙaƙe uku, D, A, R, da lamba kusa da su. Lambar nan ita ce kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka. Wani magani kwana 3 ne, wani 7, wani 14, wani ya fi haka, kuma yakan bambanta daga shuka zuwa shuka. Ku nemi kuma C, S, P. Wannan kwamiti ne na ƙasashen Sahel, har da Nijar, mai zama a Bamako, shi ke duba magani kafin ya ba da izinin sayar da shi. In kun kasa gane takardar, malamin gona yana nan, ku kai masa.

Ƙidaya tana farawa daga feshin ƙarshe. Ka fesa ran Lahadi, ka sake fesawa ran Laraba, to lissafin Lahadi ya rushe, daga Laraba za ka fara. Ka ja layi da gawayi a bango kowace safiya. Wanda ya fesa, ya jira, ko da tumatir ya yi ja yana kiransa. Dabara ita ce ka tsinke duk abin da ya nuna tukuna, sannan ka fesa.

Piya-piya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana yawo da shi kasuwa-kasuwa, sunan gubar da ke cikinsa DDVP. Ko a Najeriya, inda yawancinsa ke fitowa, hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da shi a ƙananan kwalabe a 2019. Kwalbar da ba ta da takarda ba za ta gaya maka abin da ke cikinta ba, balle kwanakin jira. Kada ta kusanci abin da za a ci. Wanki kuma ba ya wadatarwa, domin akwai magungunan da ke shiga cikin jikin ganye, ruwa ba ya kai gare su. Salati ɗanye ake ci. Zogale kullum ake tsinka. Waɗannan biyu ni ban yarda a fesa musu maganin kasuwa ba sam.

Akwai wani hali da ke ƙona mini rai, kuma kun san masu yin sa. Mutum ya ware fangali ɗaya bai fesa ba, na gidansa ke nan, sauran ya jiƙa su da magani ana gobe kasuwa don ganye ya yi kyan gani. Wannan ya san abin da yake yi sarai. Mai ciki za ta saya, mai goyo za ta saya, haƙƙinsu yana wuyansa. Haka wanda ke wanke famfon feshi a bakin tabkin da dabbobi ke sha, da wanda ke jefar da kwalba inda yara za su tsinta su zuba ruwa. Ku faɗa musu gaskiya ko maƙwabta ne. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta sake ɗaukar ruwa ko mai ko gishiri.

Ƙaramar garka ma sau da yawa ba ta bukatar maganin saye. Fangali biyar ana iya zagaya su kowace safiya, a juya ganye, a tsince tsutsa da hannu. Ganyen tumatir da tsutsa ta shiga cikinsa a cire a binne, domin tana ɓoye ne inda feshi ba ya isa sosai. Jajayen gizo-gizon nan kuwa yawancin maganin ƙwari ba ya kashe su, sai dai ya kashe ƙwarin da ke cin su, su ƙara yawa. Tsohon gidan sauro da ya gama aiki a rufe wurin reno da shi. Ga kuma dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. A tara ƴaƴansa su bushe, a daka rabin kilo a turmin da ba na abinci ba, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan farin sabulu a ciki. A fesa da maraice, saman ganye da bayansa, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita kowane mako. Ba za ku ga tsutsa ta faɗi nan take ba, cin ganyen take dainawa. Masu gaggawa a nan suke cewa bai yi ba, su koma wa piya-piya. Ku ba shi kwana uku ku duba.

Sai ciwon jiki, abin da dattawan ajin nan suka fi tambaya. Bido mai lita 20 kilo 20 ne, a ɗauka sau da yawa safe da maraice dole ƙugu ya yi magana. A raba ruwan gida biyu, rabi a kowane hannu. In za a ɗaga kaya a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki. Fangali kada ya wuce mita ɗaya a faɗi, don hannu ya kai tsakiya ba tare da miƙewa ba. Wajen cire ciyawa a zauna kan ƴar kujera, hauya kuma a sa mata doguwar ƙota. Da dare a gasa wurin da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗe. Tiramol da ake saya wajen masu talla ba ya warkar da baya, ɓoye ciwon yake yi har mutum ya ƙara ji wa kansa, sannan ya kama shi ya kasa bari. Ciwon da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon baya mai zazzaɓi, na likita ne.

Amma akwai ciwon da ba gajiya ba ne, ko da ya yi kama da ita. Mutum ya gama feshi, ko ya ci abin da aka fesa, sai ciwon kai, jiri, gumi, yawu yana zuba, amai ko murɗar ciki, ido yana gani dishi-dishi, numfashi yana wuya. Kada a ce rana ce ta buge shi. A cire masa tufafin da ya yi aikin da su, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi gidan likita mafi kusa nan da nan, a tafi da kwalbar, don ma'aikacin lafiya ya san abin da zai yaƙa. In yaro ne, a fi haka sauri.

Aikin gida: wanda ke da kwalbar magani a ajiye, kada ya kawo ta aji, kada ya buɗe ta. Ya kwafo sunanta a takarda, da launin zirinta, da lambar da ke kusa da D, A, R, ya wanke hannu da sabulu. Wanda ya juya tasa bai ga rubutu ba, ya zo ya gaya mana, mu tafi da ita wajen malamin gona tare. Kowa kuma ya zo da jan tsumma da sanda mai tsawon kamu biyu.