Wasiƙa ga ƙannena masu doguwar tafiya su kaɗai



Da yawanku Allah ya hore muku mota, kuma babu abin da ke ba ku sha'awa kamar ku kama sitiyari ku kaɗai daga Abuja zuwa Kano, ko daga Kano zuwa Maiduguri, ba jiran mota ta cika a tasha, ba mai ce muku a tsaya. Ban ga laifin hakan ba. Roƙona ɗaya ne: ku fara lissafin tafiya daga lokacin isa. Ku ƙudurta cewa magariba za ta same ku a masauki, sannan ku ƙirgo baya ku ga ƙarfe nawa ya kamata ku tashi. In lissafin bai fita ba, a raba tafiyar kwana biyu.

Ku dubi abin da gudu ke nufi. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta yanke wa ƙananan motoci a tagwayen hanya ita ce kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku kenan mota ta ci fiye da mita 80 babu mai riƙe da ita. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Wanda ke da abokin tafiya yana da mai lura da cewa hira ta ɗauke, ko mota ta fara cin gefen titi, har ya karɓe shi tuƙi. Wanda ke shi kaɗai sai ya farka yake sanin ya yi barci. Goro da shayi mai kauri jinkirta gajiya kawai suke yi, ƙwaya kuwa tana ƙara wa mutum ƙarfin hali a daidai lokacin da hankalinsa ya ragu. Da dare kuma, ga tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, sai ganyen da aka shimfiɗa a bayanta, ga doguwar fitilar mai zuwa da ke kashe ido, ga ramuka, ga hazo lokacin hunturu. Taya ta yi faci da rana, za ku samu mai gyara a ƙauyen gaba. Da dare kuwa ku ne da jak da fitilar waya a bakin daji, kuma sunayen Rijana da Katari a hanyar Kaduna sun ishe ku tuni. A Fabrairun 2020, matafiyan da dare ya tsare a Auno bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri sun kwana cikin motocinsu, 'yan Boko Haram suka afka musu, aka rasa aƙalla mutum 30. Allah ya jiƙansu. Ba laifinsu ba ne, amma wajibi ne mai bin wannan hanya ya tambayi lokacin rufewa tun kafin ya bar gida.

Na san abin da za ku ce. Dare ya fi sanyi, titi ba cunkoso, taya ba ta zafi. Gaskiya ne, sai dai wanda ya tashi da idar da sallar asuba ya samu wannan sanyin tare da haske. Tayar da ake tsoron fashewarta da rana kuwa tun a gida ya kamata a canja ta. Lambobi huɗu da ke jikinta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, ku duba kafin ku sayi ta gwanjo. Wani zai ce wayarsa ta nuna masa awa kaza ne kawai. Waya ba ta ƙirga shingayen bincike ba, ba ta ƙirga tsayawar sallah da shan mai ba, balle cunkoson gadar Wudil ranar Juma'a da kasuwa ke ci. Ku ƙara aƙalla awa biyu a kan abin da ta faɗa.

Akwai kuma hirar majalisa, wadda ta fi ba ni tsoro. Wani yana ba da labarin yadda ya bar Legas da rana ya kwana yana tuƙi shi kaɗai, ana jinjina masa. Mai waiwaye daɗin yake tunawa, ya manta sau nawa idonsa ya rufe. Waɗanda suka yi irin tasa ba su isa ba, ba sa cikin majalisar.

Masu cewa ajali in ya zo ba makawa, ba su yi ƙarya ba. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya sauƙaƙa wa matafiyi sallah da azumi saboda wahalar tafiya, kuma ingantaccen hadisi ya nuna ƙin mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Saboda haka ku ware kuɗin kwana a Azare ko Potiskum tun kuna lissafin kuɗin mai, ku kuma sanar da wani a gida hanyar da za ku bi, ku riƙa kiransa daga kowane babban gari.

Wassalam, yayanku mai fatan ku sauka lafiya.