Ƙashi Ya San Nauyin da Yake Ɗauka

In kun tsinci ƙashin rago a kan juji, za ku gan shi busasshe kamar itace. Amma ƙashin da ke jikinku ba haka yake ba. Yana da rai, jini kuma yana ratsa shi.

In aka yanko ɗan ƙashi aka duba da madubin likita, sai a ga waɗansu 'yan ɗakuna birjik, waɗanda ido ba ya iya gani. Cikin kowane ɗaki akwai ƙwayar halitta guda, tana zaune kamar mai gadi. Tana da hannuwa sirara da yawa, ta miƙa su cikin 'yan hanyoyi har sun taɓa na maƙwabtanta. Hanyoyin nan kuwa cike suke da ruwa.

To, sa'ad da yaro ya yi tsalle ya dira, ƙashin ƙafarsa yakan ɗan lanƙwasa, amma kaɗan ƙwarai, ko shi kansa ba ya ji. Lanƙwasawar nan ita ke matsa ruwan, kamar yadda akan matsa soso, sai ya gudana ya shafi hannuwan masu gadi. Da haka suke sanin an aza wa ƙashi nauyi.

Ga shi ba su da baki, yaya za su ba da labari? Sukan saki waɗansu sinadarai, su ne 'yan aikensu. A jikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu, magina da masu rushewa. Akwai wani sinadari wanda saƙonsa ga magina shi ne su dakata. In nauyi ya yawaita, sai masu gadi su rage sakinsa, magina su kama aiki, ƙashi ya ƙara ƙarfi daidai wurin da ake bukata. Tun cikin 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta cewa ƙashi yakan ginu gwargwadon nauyin da yake ɗauka, amma a zamaninsa ba a san aikin masu gadin nan ba.

In kuwa nauyi ya kau, sai masu rushewa su rinjayi magina. Mutanen da ke daɗewa cikin kumbo a sararin samaniya, inda kome ke shawagi ba nauyi, ƙashin ƙugunsu yakan ragu da wajen 1 bisa 100 kowane wata. Don haka kullum sukan yi wajen awa 2 suna motsa jiki. In za su yi gudu bisa na'ura, sai sun ɗaure kansu da majanyi mai jawo su ƙasa, don ƙafafu su ji nauyi.