Ƙasar da Rana Ke Kwana a Sama

Ɗauko taswirar duniya, ka ɗora yatsa bisa Ingila, ka ja shi arewa maso gabas. Za ka tarad da wata ƙasa doguwa, siririya, kwance a bakin teku. Sunanta Norwe. Can ƙarshenta na arewa akwai wani gari, ana ce da shi Turomso.

A Kano, tsakanin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta, bambancin bai kai sa'a biyu ba. A Turomso kuwa, tun daga wajen 20 ga watan Mayu har 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan. Sai ta yi ƙasa kamar almuru zai yi, kana ta sake ɗagawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta ɓullowa. Dalili shi ne duniya a karkace take kewaya rana, wata shida arewacinta na fuskantar rana, wata shida ya ba ta baya. In ka ce, to, yaya Musulmin garin ke yi da salla da azumi? A irin waɗannan watanni da yawansu lokacin Makka suke bi.

Mutane na tasowa daga nesa don kallon wannan ƙasa, amma abin da baƙo zai gani, watan da ya zo shi ke yankewa. Wanda ya zo cikin Yuni zai ga rana da tsakar dare, da tsuntsayen teku dubbai bisa duwatsu. Wanda ya zo cikin duhun hunturu shi ke ganin hasken arewa, watau wani haske kore da ke kaɗawa a sama kamar an shanya rawani iska na busa shi. Wanda ya zo nemansa cikin Yuni ya yi asarar guzuri, gama sai da duhu ake ganinsa.

Cikin hunturun nan kuma ƙananan kifaye ke shigowa lungunan teku, manyan dabbobin ruwa da ake kira wel su biyo su. Siffar kifi gare su, amma kamar ayu suke, suna fitowa shan iska, suna ba 'ya'yansu nono. Wani ya kai ƙafa 45. Ana ɗaukar baƙi cikin jirage a kai su kallo.

Tekun nan ba ya daskarewa, don wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga wajen Amurka. Saboda haka tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar rani da damina, da kaya da mutane, a dā har da wasiƙu. Yau suna tashi daga Bargen zuwa Kirkenes, suna tsayawa tasha 34.

Ka san fatake ba su shiga dajin da ba su sani ba sai da jagaba. To, nan ma haka. Jagoran shi ya san inda ƙanƙara za ta ɗauki mutum da inda za ta ɓurma da shi, shi ke duban sama ya ce yau ba fita. Baƙo ya biya kuɗi da yawa, ransa ya ɓaci, amma gwamma ɓacin rai da zama cikin ruwan da ke sandarar da ƙato kafin a kawo masa gudummawa.

Inda aikin jagora ya fi nauyi shi ne tsibiran Sibalbad, arewa da Norwe ƙwarai. Can ne farin beyar yake, wani naman daji wanda ya ninka zaki nauyi, yana kuwa cin mutum. Doka ta ce kowa zai fita bayan gari sai ya riƙe abin korarsa, jagorori kuwa har da bindiga suke tafe. Amma tun 1973 an hana farautarsa, ba a harbi sai rai ya zo ga halaka. Cikin 2025 aka ƙara doka, aka ce kada a kusance shi ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuwa mita 500. A ganina dokar ta yi daidai, domin beyar da 'yan kallo suka kora daga farautarsa da yunwa zai kwana, mayunwacin kuwa shi ke faɗa wa zangon mutane.

Watakila ka taɓa cin abin ƙasar nan ba ka sani ba. A tsibiran Lofoten, daga Fabrairu ake rataye kifi bisa manyan ragaya na itace, ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi har wajen wata uku. Baƙi kan tsaya kallon ragayan suna toshe hanci. Busasshen kifin nan mai tauri kamar icce, wanda Ibo ke kira okporoko, har da kawunansa, daga Norwe ake lodinsa zuwa Ikko, ya watsu cikin kasuwannin Nijeriya.